Uba yana biya, uwa ba ta gani: nazarin wani lamari kan tallafin gwamnati da kuɗin ciyar da yara a Amurka

Matar da wannan nazari ya shafa tana riƙe da 'ya'ya biyu ita kaɗai, babban yana da shekara huɗu, ƙaramar ba ta cika biyu ba. Ba a ɗaura aure tsakaninta da ubansu ba, kuma sun rabu, amma bai yi watsi da yaran ba. Leburanci yake yi a wuraren gini, aikin da yau akwai gobe babu, abin da yake samu a wata bai cika wuce dala 900 ba. Daga ciki yakan miƙa mata dala 150 hannu da hannu, wani lokacin ya haɗa da ƙunzugun jarirai ko takalman babban. Da aikinta ya tsaya, kuɗin haya ya taru, sai ta nufi ofishin jin daɗin jama'a ta nemi tallafin kuɗi na shirin TANF, wato tallafin wucin gadi da gwamnati take ba iyalai mabuƙata masu yara, aka amince za a riƙa ba ta dala 500 a wata.

Adadin kuɗin da ke cikin wannan lamari misali ne da aka daidaita domin lissafi ya fito fili. Dokokin da suka yi aiki a kansu kuwa su ne dokokin tarayyar Amurka na haƙiƙa, kuma irin wannan tafiya ce iyalai da yawa suke yi.

Takardar da ta sa wa hannu

A cikin tarin takardun neman tallafin akwai guda ɗaya da ta sauya komai. Da sa hannunta a kai, ta mallaka wa gwamnatin jiha haƙƙinta da na yaranta a kan duk kuɗin ciyarwar da zai hau kan uban muddin tana karɓar tallafi. Ba zaɓi aka ba ta ba, sharaɗi ne na dokar tarayya: wanda bai miƙa wannan haƙƙi ba, ba ya samun TANF.

Asalin abin yana komawa 1975, lokacin da Shugaba Gerald Ford ya sa hannu kan dokar da ta kafa hukumomin karɓar kuɗin ciyar da yara a kowace jiha. Manufar farko ita ce gwamnati ta maido da abin da take kashewa a kan iyalan da uba ba ya gida. A 1984 aka ce a riƙa ba uwa dala 50 na farko daga abin da uban ya biya kowane wata. A 1996, da Shugaba Bill Clinton ya sa hannu kan dokar da ta rushe tsohon shirin tallafin iyalai na AFDC ta kawo TANF, aka cire wajabcin wannan dala 50, aka bar wa kowace jiha ta yi yadda ta ga dama. Jihar da matar nan take zaune tana cikin waɗanda ba sa miƙa wa iyali ko sisi.

Sharaɗi na biyu shi ne haɗin kai. Dole ta faɗi sunan uban, da adireshinsa, da inda yake aiki, ta halarci duk zaman da aka kira ta. Idan hukuma ta yanke cewa ba ta ba da haɗin kai ba, doka ta wajabta a zaftare aƙalla kashi 25 cikin ɗari na tallafin, wato dala 125 daga cikin 500 ɗinta, kuma jiha tana da ikon tsayar da shi gaba ɗaya. Akwai mafita ga wadda take tsoron cutarwa daga uban, ko wadda ta samu cikin ta hanyar fyaɗe: tana iya neman a ɗauke mata sharaɗin bisa uzuri karɓaɓɓe. Sai dai sau da yawa ba a yi wa mace bayanin wannan da baki, yana nan a rubuce cikin shafukan da ba ta karanta ba. Duk wadda abin ya shafa ta faɗa tun a zaman farko, kafin a aika wa mutumin takarda mai ɗauke da sunanta, ta kuma nemi a ɓoye adireshinta a takardun kotu. A wannan lamari babu batun cutarwa, ta ba da duk bayanan da aka nema.

Batun tabbatar da uba bai ɗauki lokaci ba, domin ya sa hannu a takardar amincewa a asibiti lokacin haihuwar yaran biyu. Wannan takarda, idan kwana 60 suka wuce ba a janye ta ba, ƙarfinta ɗaya da hukuncin kotu.

Ranar da bai je kotu ba

A nan babbar ɓarnar ta faru. An aika sammaci zuwa gidan da ya bari, ɗan'uwansa ya karɓa, takardar ta kwanta. Ranar zama ba a gan shi ba, aka yanke hukunci a bayan idonsa a wata na biyar da fara tallafin.

Idan babu takardar albashi a gaban alƙali, abin da aka saba yi shi ne a ƙiyasta wa mutum kuɗin shiga. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009. Awa 40 a mako ya ba da dala 290, a wata kuma kimanin dala 1,257. A kan wannan adadi aka ɗora masa dala 300 a wata, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da bai taɓa samu ba. A zahiri sulusin abin da yake shigo masa ke nan a watan da aiki ya yi kyau. Ƙa'idar da gwamnatin tarayya ta fitar a watan Disamba na 2016 ta umarci jihohi su dubi ainihin halin uba kafin su ƙiyasta, wato sana'arsa, da iliminsa, da lafiyarsa, da yanayin aiki a yankinsa, su kuma bar wa mai ƙaramin ƙarfi abin da zai rayu da shi. Ƙa'ida ce mai kyau, amma tana buƙatar wanda zai kawo hujja. Da ya zo da rasitan aikinsa na wata shida, da wuya adadin ya kai haka.

Hukuncin ya kuma koma baya zuwa watan da aka buɗe tallafin. Ke nan tun kafin ya san an yi zama, bashin wata huɗu, dala 1,200, ya riga ya hau kansa.

Kuɗin hannu da hannu

Wata shida suka biyo baya yana ci gaba da kawo mata dala 150 kamar yadda ya saba. A ganinsa yana sauke nauyi, ita ma tana karɓa domin dala 500 ba ta isar haya da wuta. Jimilla dala 900 ya ba ta a wannan tsakani.

A littafin hukuma kuwa bai biya komai ba. Da zarar akwai hukunci, kuɗin da ake lissafawa shi ne wanda ya bi ta cibiyar karɓa da rarraba kuɗi ta jiha. Abin da aka miƙa kai tsaye kotuna da yawa kyauta suke ɗaukarsa, balle ƙunzugu da takalma. Don haka bashin ya ƙaru da dala 1,800, ya zama 3,000 a ƙarshen wata na goma.

Ita ma abin bai bar ta ba. Tunda ta mallaka wa jiha haƙƙin, duk kuɗin ciyarwar da ya shigo hannunta wajibi ne ta sanar, kuma a ƙa'ida ta miƙa shi. Da maganar ta fito a zaman sabunta tallafi, aka lissafa dala 900 ɗin a matsayin kuɗin da ta riƙe ba bisa ƙa'ida ba, aka shiga cire shi kaɗan-kaɗan daga tallafinta. Idan jami'i ya ga alamar da gangan aka ɓoye, lamarin yana iya komawa tuhumar zamba. A duba da kyau: dala 900 ɗin nan ita kaɗai ce kuɗin uban da ta taɓa bakin yaran a wata shidan nan, kuma ita ce ta jawo wa iyayen biyu hukunci. Wannan shi ne wurin da tsarin ya fi cutar da mutanen da ba su yi niyyar saɓa wa kowa ba.

Yadda aka raba dala 300

A wata na goma sha ɗaya ya samu aiki na dindindin a wani kamfanin adana kaya. Doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya sanar da jiha sabon ma'aikaci cikin kwana 20, sunan ya shiga rajistar ƙasa, kwamfuta ta haɗa shi da fayil ɗinsa, takardar cire kuɗi daga albashi ta iso kamfanin. Aka fara cire dala 350 a wata: 300 na watan da ake ciki, 50 na rage bashi. Iyakar da doka ta sa wa irin wannan cirewa tana da faɗi ƙwarai. Ana iya ɗaukar rabin albashin da ya rage bayan haraji idan mutum yana ciyar da wani iyali, kashi 60 idan ba ya yi, a ƙara kashi 5 idan bashin ya wuce mako 12.

Ina dala 300 ɗin ta tafi? Jiha da tarayya ne suka raba ta, bisa kason da tarayya take biya a shirin lafiya na Medicaid a wannan jiha. Kason ba ya gaza kashi 50, kuma a jihohi matalauta irin Misisipi ya haura kashi 70. Idan muka ɗauka kashi 60 ne a nan, tarayya ta karɓi dala 180, jiha ta riƙe 120. Uwar tana nan a kan dala 500 ɗinta, uban ya biya ko bai biya ba. Cikin wata huɗu an cire masa dala 1,400, babu ko ɗaya da ta isa gidan yaransa. Shi yana zaton tana karɓa tana ƙin godiya, ita tana zaton ya daina bayarwa tunda kuɗin hannu ya tsaya. Rigimar da ta ɓarke tsakaninsu a wannan lokaci ta kai ga ta hana shi ganin yaran, shi kuma ya yi barazanar barin aikin. Dukansu sun yi kuskure a idon doka, domin haƙƙin ziyara da wajabcin ciyarwa abubuwa biyu ne daban: rashin biya ba ya halatta hana ziyara, hana ziyara ba ya sauke biya.

Da a wata jihar take, lissafin zai bambanta. Dokar rage giɓin kasafi ta 2005 ta ce idan jiha ta miƙa wa iyali har dala 100 a wata don yaro ɗaya, ko dala 200 don yara biyu ko fiye, kuma ba ta rage musu tallafi saboda shi ba, tarayya ta yafe kasonta a kan wannan adadi. Kalifoniya ta koma kan wannan mataki a farkon 2022. A can matar nan za ta riƙa samun dala 700 a wata, ragowar 100 ce kawai za a raba. Kolorado ta wuce nan: tun Afrilun 2017 take miƙa wa iyali dukkan kuɗin watan da uba ya biya, tana biyan tarayya kasonta daga aljihunta. A lissafinmu, abin da jihar za ta biya tarayya shi ne dala 60 a kan ɗarin da ta haura iyaka, iyalin kuma su tashi da dala 800.

A lura da sharaɗin nan na rashin rage tallafi, domin a kansa ake yawan ruɗewa. Miƙa kuɗin daban, ƙin lissafa shi a matsayin kuɗin shiga daban. Idan jiha ta ba uwa dala 300 ɗin sannan ta rage tallafinta da dala 300, an dai sauya wa kuɗin suna ne kawai.

Hujjar da masu goyon bayan riƙe kuɗin suke bayarwa ita ce bai kamata mai biyan haraji ya ɗauki nauyin da yake kan uba ba. Maganar tana da tushe. Amma gwajin da jihar Wiskonsin ta fara a 1997, inda aka raba iyalai gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu ana ba su duka wasu ana ba su wani ɓangare, ya nuna cewa iyaye maza sun fi biya idan kuɗin yana zuwa wa 'ya'yansu, an kuma fi saurin tabbatar da uba, ba tare da gwamnati ta yi wata asara mai yawa ba. Mutumin da ya san guminsa baitulmali yake tafiya yana da dalilin komawa aikin da ake biya a hannu, inda takardar cirewa ba ta isa. Ra'ayinmu shi ne kuɗin da aka karɓa da sunan yaro ya kamata ya isa ga yaron, dukansa.

Bashin da ba ya gogewa

Dala 3,000 ɗin nan ta buɗe masa ƙofofin takura. Bashin da ake bin mutum na lokacin tallafi yana kai dala 150 ake iya tare rarar harajin da tarayya za ta mayar masa. Yana haura dala 2,500 ake aika sunansa a hana shi fasfo, kuma sauko da bashin ƙasa da wannan adadi ba ya cire sunan kai tsaye, sai jihar ta amince. Jihohi suna da ikon dakatar da lasisin tuƙi, wanda ga mai zuwa aiki da mota yana nufin rasa aikin da ake cire kuɗin daga gare shi. Wasu jihohin suna ɗora kuɗin ruwa. A Kalifoniya kashi 10 cikin ɗari ne a shekara.

Da ya je neman a gyara, sai ya ci karo da dokar 1986 da ake kira gyaran Bradley. Kowane kuɗin wata, ranar da lokacin biyansa ya yi, ya zama hukunci mai zaman kansa, kuma babu alƙalin da zai rage shi daga baya. Ragi yana fara aiki ne daga ranar da aka shigar da buƙata aka sanar da ɗaya ɓangaren. Duk watan da mutum ya zauna yana jiran abubuwa su gyaru, bashi ne da ya tabbata. Shi ya sa shawarar da ta fi kowace muhimmanci ga uban da aikinsa ya tsaya, ko ya kwanta rashin lafiya, ko aka ɗaure shi, ita ce ya shigar da takardar neman sauyi a makon da abin ya faru. Tun ƙa'idar 2016 ba a yarda jiha ta ɗauki zaman kurkuku a matsayin ƙin aiki da gangan ba.

Bai kai ga ɗauri ba, amma hanyar tana nan. Kotu tana iya tsare mutum bisa raina umarninta. A shari'ar Turner da Rogers ta 2011, wadda ta taso daga Karolina ta Kudu, Kotun Ƙoli ta ce kafin a tsare mutum dole a sanar da shi cewa ikon biya shi ne jigon zaman, a ba shi damar bayyana halinsa, alƙali kuma ya tabbatar a fili cewa yana da ikon amma ya ƙi. Girman matsalar ya bayyana a binciken da cibiyar Urban Institute ta fitar a 2007 kan manyan jihohi tara: kashi 70 cikin ɗari na bashin yana kan mutanen da ba su da wani kuɗin shiga a rubuce, ko nasu bai wuce dala 10,000 a shekara ba. Jimillar bashin a ƙasar ta haura dala biliyan 100, kuma mafi yawansa ba zai taɓa biyuwa ba.

Bayan ta fita daga tallafi

Ta samu aiki a wata na goma sha biyar, aka rufe tallafin. Ta karɓi dala 7,000 cikin wata 14, ta kuma cinye wata 14 daga cikin wata 60 da tarayya ta yarda a ba mutum a tsawon rayuwarsa. Abin da ya hau kan uban a wannan lokaci dala 4,200 ne, ya biya 1,400, saura 2,800, kuma wannan na jiha ne. Jiha ba ta iya riƙe fiye da abin da ta kashe wa iyalin, ba ta kuma iya taɓa abin da ya taru kafin a fara tallafi, tun gyaran da ya zama wajibi a Oktoban 2009.

Daga wannan wata dala 300 ta fara shiga asusunta, cikin kwana biyu na aiki bayan cibiyar ta karɓa. Sai dai tallafin abinci na SNAP yana lissafa ta a matsayin kuɗin shiga, kuma kowace dala tana rage tallafin da kimanin santi 30, don haka ribarta ta gaskiya ta fi kusa da dala 210. Dala 50 ta rage bashi kuwa ta ci gaba da tafiya wa jiha, cikin wata uku bashin ya sauko zuwa 2,650.

Sai kamfanin ya rage ma'aikata, ya zauna wata uku babu aiki, bai kuma nemi sauyi ba. Sabon bashin dala 900 ya taru, wannan karon nata ne. Da ya koma aiki, dala 50 ɗin ta juyo gare ta, domin ƙa'ida ta ce bashin iyali yake gaba. Amma akwai rami ɗaya a ƙa'idar. Da aka tare rarar harajinsa ta dala 1,200, jihar ta sa ta duka a bashin jiha, ba na uwar ba, ya koma 1,450, saboda tsarin 1996 ya ba jiha fifiko a kan kuɗin da aka tare ta hanyar harajin tarayya. Dokar 2005 ta ba jihohi zaɓin sa iyali a gaba a nan ma. Da jiharta ta ɗauki zaɓin, da ta karɓi dala 900 ɗinta a rana ɗaya. A yanzu, da dala 50 a wata, sai ta jira wata 18.

Akwai tambayar da ya kamata a yi mata tun ranar farko: shin tallafin wata-wata take buƙata, ko abin da zai fitar da ita daga matsin haya? Jihohi da yawa suna da tallafin gaggawa na dunƙule wanda ba ya wuce wata huɗu. A ƙa'idar tarayya irin wannan ba ya jawo mallaka wa jiha haƙƙin ciyarwa, ba ya kuma cin watannin nan 60. Ga macen da take sa ran aiki nan kusa, kuma uban yaranta yana bayarwa, sau da yawa shi ya fi.

Abin da ya rage wa iyayen biyu yanzu aiki ne na takarda. Uban ya nemi cikakken bayanin asusunsa a rubuce, wanda ya raba bashin jiha da na uwa wata bayan wata, ya kuma gwada shi da takardun albashinsa, domin kuskuren lissafi yana faruwa musamman a watan da aka rufe tallafi. Dala 1,450 ta jiha, uwar ba ta da ikon yafe ta ko da ta so. Jihar ce kaɗai take iya sassautawa, kuma jihohi da dama suna da shirin rage irin wannan bashi ga wanda ya ci gaba da biyan kuɗin wata a kan kari na wani tsayayyen lokaci. Dala 900 tata kuwa tana iya yafewa ko su daidaita a kanta, amma sai an rubuta an shigar gaban kotu ko hukuma, in ba haka ba kwamfuta za ta ci gaba da lissafa ta. Idan kuma ta sake komawa TANF, sabuwar mallakawa za ta fara daga wannan watan, dala 300 ta sake komawa baitulmali, don haka kafin ta cika takarda ta biyu ta zauna da alƙalami ta cire 300 daga 500 ta ga abin da tallafin zai ƙara mata a zahiri.